Bulon siminti ko ginin ƙasa: wanne ya fi tare ɓaraguzan fashewa?

Birkila_Dorayi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga injiniyoyi ce da waɗanda suka yi aikin ɗamara. Wani maigidana zai buɗe wurin ɗura iskar gas, kuma bayan filin gidajen mutane ne. Ya ce in zagaye masa da bulo inci tara, in yi filasta ciki da waje, wai ko da tukunya ta fashe, Allah ya kiyaye, katangar za ta tare. Sai yarona ya nuna mini bidiyon wani gwaji a waya. An harba ɗan guntun ƙarfe da bai kai kan yatsa ba, ya huda bulo mai rami ya fice ta baya, amma da aka harba irinsa cikin buhunan yashi sai ya maƙale. Hankalina bai kama ba. Ta yaya yashin da yara ke wasa da shi zai fi siminti? Su masu gwajin nan da me suke aunawa?

Sani_Tifa:
Wa alaikumus salam. Bidiyon waya kuma? Yanzu har kifi ana sa shi ya yi magana a bidiyo. Siminti siminti ne, Malam.

TsohonSoja79:
Ɗana Sani, wannan karon bidiyon bai yi ƙarya ba. Duk inda muka yada zango, abin da ake fara rabawa shebur ne da buhu. Ba a taɓa cewa a jira motar bulo ba. Buhu biyu a jere, a daddanna su da kyau, a jera su kamar yadda birkila ke karya gaɓa, mutum ya fi samun natsuwa a bayansu fiye da bayan katangar bulo mai rami.

Injiniya_BK:
Malam Birkila, tun da sana'arka ce, ɗauki bulo ɗaya ka sa tef a kansa. Sunansa inci tara, amma naman da ke gaba da na baya in ka haɗa su da ƙyar su kai inci huɗu, sauran duk iska ce. A wasu gidajen bulon ma ba ya kai haka, saboda an matse mol ɗin don buhun siminti ya haifi bulo da yawa. Guntun ƙarfen da ya faɗa daidai ramin, ɓawo biyu kawai zai fasa ya wuce.

Batun yadda ake gwaji kuwa, ba bam ake tayarwa kowane lokaci ba, domin ɓaraguzan bam kowanne da siffarsa da nauyinsa, ba za ka iya maimaita gwaji iri ɗaya sau biyu ba. Sai aka ƙera wani ɗan dunƙulen ƙarfe mai kai kamar bakin kurfi, aka tsayar masa da nauyi da tauri, ana kiransa FSP. Ƙaramin, mai giram 1.1, da shi ake gwada hular kwano da rigar sulke a ƙa'idar NATO mai suna STANAG 2920. Na gini da motoci ana ɗaukar manya, akwai mai giram 13.4, akwai mai faɗin milimita 20 da ke kusan giram 54. Ana harba shi daga bututu a ɗakin gwaji, ya ratsa tsakanin wasu na'urori biyu masu haske da ke auna gudunsa kafin ya isa bangon.

Abin da suke nema shi ne V50, wato gudun da idan aka yi harbi da shi, rabi zai huda, rabi ya tsaya. In ya huda sai a rage gudu, in ya tsaya a ƙara, har a samu uku da suka huda da uku da suka tsaya waɗanda gudunsu ya yi kusa da juna, a ɗauki matsakaicinsu.

Maman_Hanif:
Yaya Injiniya, rabi ya huda kuma? To wane irin kariya ke nan? Ni dai in za a gina mini, wanda ba ya hudawa sam nake so.

Injiniya_BK:
Hajiya, ba a nufin a zauna a bayan bangon a wannan gudun. Ma'auni ne na kwatanta kaya biyu. In V50 na wannan bango ya fi na wancan, to ya fi shi juriya. Mai zana gini zai zaɓi kaurin da V50 ɗinsa ya yi nisa sama da gudun da ake tsoro.

Malamin_Fiziks:
Bari in ƙara wani abu da ya fi burge ni a tsarin. A ƙa'idar sojan Amurka ta MIL-STD-662, ana kafa wani siririn farantin alminiyam, kaurinsa rabin milimita, kimanin inci shida a bayan abin da ake gwadawa. Bayan harbi sai a ɗaga farantin a gaban kwan lantarki. In haske ya ratso ko da ta ɗan tsinin rami ne, an rubuta cewa ya huda. Ba ruwansu da ko guntun ƙarfen ne ya yi ramin ko ɓallin bangon da kansa. Nan ne amsar tambayar Malam Birkila take ɓoye, domin bango yana iya tare ƙarfen, amma shi da kansa ya jefi wanda ke bayansa.

Dalilin kuwa, duka idan ya sauka a fuskar kankare, girgizar tana ratsa cikinsa a matsayin matsi. Da ta isa bayan bango, inda babu komai sai iska, sai ta juyo a matsayin ja. Kankare gwani ne wajen ɗaukar matsi, amma ƙarfinsa a wajen ja bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Sai fuskar baya ta ɓalle ta yi tsalle. Kamar yara ne sun yi layi ƙirji da baya, ka tunkuɗi na ƙarshe, na can gaba ne zai kife. Wani Bature ɗan Ingila, Bertram Hopkinson, ya yi bayanin wannan tun 1914. Shi ya sa in ka duba kankaren da aka gwada, ramin gaba ɗan ƙarami ne, na baya kuwa faffaɗa kamar an kwashe da faranti.

Yashi ba ya yin haka. Ba dunƙule ba ne balle ya tsage. Kowace ƙwaya tana gogar 'yar'uwarta, wasu su niƙe su zama gari, ƙarfin ya ƙare a cikin gogayyar.

Ɗan_Damagaram:
To Alhamdu lillahi, yau an wanke kakanninmu. Mu nan har yanzu ginin banko, wato ginin ƙasa, muke yi a unguwanni da yawa, ana yi mana kallon 'yan ƙauye. Garun gidanmu daga tushe ya fi kamu biyu. Ku tambayi Kanawa ma, a 1903 da Turawa suka zo da igwa, ganuwa ba ta rushe musu ba, ta ƙofa suka samu shiga.

Bakano_Asali:
Gaskiya ne, ta Ƙofar Kabuga. Amma Malam, ganuwar Kano fa kaurinta a gindi ya kai ƙafa arba'in a yadda Turawan da kansu suka rubuta. Ko da audugar rimi ka tara ƙafa arba'in ai za ta tare wani abu. Kada mu ɗauki darajar badala mu jingina wa katangar tubali ta bayan gida wadda damina biyu ke zaizayewa.

Injiniya_BK:
Bakano ya faɗi abin da nake shirin faɗa. Inci da inci, kankare mai kyau ya fi ƙasa nesa ba kusa ba. Ƙasa tana cin nasara ne saboda arha ce, ana zuba ta da kauri. Sojojin Birtaniya da suka yi yaƙi a Helmand ta Afganistan sun sha ba da labarin yadda garukan ƙasa na gidajen can ke shanye harsashi, amma garuka ne masu kauri da suka shekara suna bushewa a rana. Kuma kwandunan nan na waya da ake cika wa ƙasa a sansanonin soja, HESCO, ai dabarar ke nan. Wani ɗan Leeds ta Ingila mai suna Jimi Heselden ya ƙirƙiro su, da farko ma don tare ambaliya da zaizayar ƙasa.

TsohonSoja79:
Ƙarin bayani kan buhu: yashi busasshe ake so. In ya jiƙe, ko aka cika da taɓo, kariyar tana raguwa sosai, sai an ƙara kauri. Littattafan horon soja sun faɗi haka, mu ma an koya mana. Kuma ba a cika buhu da manyan duwatsu a sa a saman layi, don in abu ya daka su, su ma sun zama abin jifa.

Sani_Tifa:
Baba, jiƙaƙƙen yashi fa ya fi nauyi, ni da nake ɗaukarsa kullum na sani. Ya za a yi mai nauyi ya kasa mara nauyi?

Malamin_Fiziks:
Sani, ruwan yana shiga tsakanin ƙwayoyin ya rage musu gogayya, su riƙa zamewa suna ba da hanya. Nauyi ya ƙaru, riƙo ya ragu.

Admin_Zaure:
Jama'a, tunatarwa. Maganar kariya muke yi da yadda ake gwada kayan gini. Duk wanda ya karkata zuwa yadda ake haɗa wani abu mai fashewa, zan goge kuma zan fitar da shi, ba sai an kai ruwa rana ba. A ci gaba.

Abba_Walda:
Ni abin da na gani da idona zan faɗa. Tankin iska na wani mai faci a layinmu ya fashe, tsohon tanki ne da tsatsa ta ci gindinsa. Murfin gefe ɗaya ya tashi ya daki katangar shagon da ke kallonsa, bulo inci shida. Ta waje ramin bai fi a rufe shi da tafin hannu biyu ba, har ana cewa abin ya zo da sauƙi. Da muka shiga ciki, filasta ta zube kusan faɗin ƙofa, gutsattsarin bulo sun fasa kwalaben da ke kan kanta a ɗaya ɓangaren, wani ya shige cikin buhun gari har sai da aka tona. Murfin kuwa yana nan waje a ƙasa, bai shiga ba. Allah ya sa mai shagon ya tafi masallaci. Da Malamin Fiziks ya yi bayanin farantin alminiyam sai abin ya faɗo mini.

Maman_Hanif:
Innalillahi. Allah ya ƙara tsarewa.

Birkila_Dorayi:
To Injiniya, in na cika ramukan bulon da kankare na sa rodi fa? Mun saba yi a tushe da wurin tankin ruwa.

Injiniya_BK:
Ya fi mai rami nesa, domin yanzu inci taran ta zama ta gaske. Amma ka san aikin kowanne. Rodi ba ya hana guntun ƙarfe shiga sosai, sai in an yi sa'a ya faɗa kansa. Aikinsa shi ne riƙe bangon kada ya watse ko ya kife. Abin da ke rage zurfin shiga shi ne kauri, da ƙarfin kankaren, da taurin tsakuwar da ke ciki. Ko ƙarfin ma ba ya biya yadda mutane ke zato. A lissafin kwamitin binciken tsaro na Amurka, NDRC, na 1946, wanda har yau ake amfani da gyararrensa, in ka ninka ƙarfin kankare sau huɗu, zurfin ramin da ƙyar ya ragu da rabi. Ƙara kauri ya fi ƙara siminti riba.

Masu lissafin suna raba kauri uku: zurfin da ƙarfen zai shiga, kaurin da zai hana shi fita ta baya, da kaurin da zai hana bayan bangon ɓallewa. Na ukun ya fi duka girma. In ba a da wurin yin wannan kaurin, sai a liƙa wa bayan bangon farantin ƙarfe, ko a fesa masa wani roba mai kauri da ke kama ɓallin.

Sai dai abin da ke damuna shi ne duk alƙaluman nan a kan kayan wasu aka samo su. Lissafin THOR na yadda ɓaraguzai ke huda abu, da ake yawan ambata, a Amurka aka yi shi a farkon shekarun 1960, jami'ar Johns Hopkins ta yi wa cibiyar gwajin soja ta Aberdeen. Littafin sojan Amurka na zana ginin da zai jure fashewa, UFC 3-340-02 na 2008, shi ma da kankarensu da bulonsu yake magana. Namu bulon na yashi da siminti, ƙa'idar Najeriya ta ce mai ɗaukar nauyi ya kai 3.45 a ma'aunin da kankaren gini ke kai 25. Kai ka san akwai wanda in ya faɗo daga kan tifa sai dai a share da tsintsiya. Wanda ya ɗauko tebur daga littafin Amurka ya ɗora wa wannan bulon, kansa ya yaudara.

Mai_Gidan_Bulo:
Yallaɓai Injiniya, a yi mana adalci. Mai gini ne ke zuwa ya ce shi mai arha yake so. In ka buga masa mai kyau ka faɗi kuɗin, sai ya tsallaka gidan gaba. Kuma ko bulon kirki ne, in ba a ba shi ruwa ya yi kwanakinsa ba aka ɗora, ba zai yi ƙarfi ba. Wannan kuma laifin masu gaggawa ne.

Birkila_Dorayi:
Wannan gaskiya ne, ba na musu. Amma ku ma kuna sayar da na jiya da safe.

Nas_Jummai:
Ku yi haƙuri in shigo da abin da ba a ambata ba. Kuna ta bango, mu kuwa a ɗakin karɓar gaggawa abin da muka fi cirewa daga jikin mutane bayan fashewa gilashi ne. Fuska, wuya, ido. Mutum ya ji ƙara ko ya ga hayaƙi, sai ya nufi taga ya leƙa. A harin ofishin jakadancin Amurka na Nairobi, 7 ga Agusta 1998, mutum fiye da 200 suka mutu, dubbai suka ji rauni, kuma da yawansu gilashin tagogi ne ya yanke su bayan ƙarar farko ta jawo su bakin taga. Haka aka gani a fashewar tashar jiragen ruwa ta Beirut ranar 4 ga Agusta 2020. In kun gama gina katangar, ku tuna da tagogin maƙwabta.

Malamin_Fiziks:
Anti Jummai ta kawo magana. Gilashi ma ana gwada shi a fili: a kafa tagogi a kewaye, a tayar da abu a tsakiya, a auna nisan da ɓaraguzan suka faɗa a cikin ɗakin gwaji da tsayin inda suka daki bangon baya. Wanda ke cin jarrabawar shi ne mai rufi biyu da roba a tsakani, irin gilashin gaban mota, yana tsagewa amma ya riƙe 'ya'yansa. Salatif da ake manna wa taga a gicciye ba ya yin wannan aikin.

Irin wannan gwajin fili ana yi wa harsashin igwa ma, a kewaye shi da allunan katako mai laushi jere-jere, bayan fashewa a bi allo-allo ana tono gutsattsarin, a auna nauyin kowanne da zurfin da ya kai. Daga nan aka san cewa suna tashi da gudun da ya wuce mita 1,000 a daƙiƙa, amma da yake ba su da siffa, iska na cin gudunsu da wuri fiye da harsashin bindiga. Kuma ƙarfin duka yana tafiya da gudu sau gudu: in gudu ya ragu da rabi, ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka kowace mita da ka ƙara tsakaninka da abin, kariya ce da ba ka sayi siminti ba.

Ɗan_Damagaram:
Har yanzu dai ban ji wanda ya kayar da banko ba.

Bakano_Asali:
Damina ta kayar da shi, Malam.

Hajiya_Zango:
Gaisuwa daga Kumasi. Ni tambayata rufi. Duk kuna maganar abin da zai zo ta gefe. Wanda ya tashi sama ya faɗo fa? Kwano da silin ne kawai a kanmu.

TsohonSoja79:
Hajiya, kwano shi kaɗai ba ya tare komai. A yaƙin duniya na biyu Ingila ta raba wa mutane wata 'yar rumfar kwano mai suna Anderson, amma sai an binne ta a rami an lulluɓe ta da ƙasa aƙalla inci 15. Kwanon riƙe ƙasar kawai yake yi. Lokacin da rumbun makamai na Ikeja ya kama wuta ranar 27 ga Janairu 2002, abubuwa ta sama suka riƙa faɗowa unguwanni. Kuma mutum fiye da 1,000 da suka rasu, akasarinsu ba ƙarfe ne ya same su ba, gudu suka yi cikin duhu suka faɗa magudanar Oke-Afa. In gidanki mai dakin ne, wato rufin kankare, ƙasan dakin a tsakiyar gida ya fi. A yaƙin Yukren ma abin da aka riƙa gaya wa mutane ke nan, su sa bango biyu tsakaninsu da waje: na farko ya sha dukan, na biyu ya tare ɓallin na farko da gilashi.

Injiniya_BK:
Mu dawo kan Malam Birkila, don mun yi nisa. Tukunyar gas ba ta fashewa irin ta harsashin igwa. Ba ƙananan gutsattsari dubu take yi ba, yagewa take yi gida biyu ko uku, manyan ɓangarori su tashi, ga kuma ƙwallon wuta. Da ma'ajiyar gas ta fashe a San Juanico ta Meziko, 19 ga Nuwamba 1984, ɓangarorin tankuna sun yi tafiyar fiye da kilomita ɗaya, mutum kusan 500 suka mutu, mafi yawa mazauna gidajen da suka matso jikin ma'ajiyar. Wurin maigidanka bai kai wannan ba ko kusa, amma darasin tazara ɗaya ne. Katanga tana taimakawa wajen tare zafin wuta da abin da ya taho ƙasa-ƙasa. Wadda aka yi da bulo mai rami ba rodi kuwa, iskar fashewar na iya kwashe ta ta watsa cikin gidan mutane, ka ga an ƙara musu abin jifa. Kuma kada a toshe wurin ruf ta ko'ina, gas ya fi iska nauyi, in ya zubo kwanciya yake yi a ƙasa yana neman inda zai taru. Kafin ka ɗora bulo ɗaya, a je hukumar da ke ba da lasisin gas da 'yan kwana-kwana, su ne za su faɗi tazarar da doka ta sa.

Sani_Tifa:
To ni dai har yanzu da a ba ni katangar yashi gara ta siminti. Buhu wata shida rana ta cinye shi.

Abba_Walda:
Sai ka yi bango biyu na bulo ka cika tsakiyarsu da yashi, kowa ya huta. Kai ma ka samu cinikin tifa.

Malamin_Fiziks:
Abba, da wasa ka faɗa amma ana yin haka. Sai dai yashin yana tura bangon ta ciki, musamman in ruwa ya shiga, don haka sai an ɗaure bangayen biyu da juna an kuma rufe saman.

Birkila_Dorayi:
Na gode ƙwarai. Na karanta wa maigidan bayanin Injiniya, ya ce shi filin da yake da shi ke nan, ba shi da wata tazara da zai bari, kuma kankare ya yi masa tsada. Na ce a fara zuwa wajen hukumar tukuna. Injiniya, in sun yarda da wurin, tsakanin cika bulon da kankare da bango biyun nan na Abba, wanne zan fara yi masa lissafi? Tsawon bayan ƙafa sittin ne.

Injiniya_BK:
Turo mini zanen filin da girman tankin da zai ajiye, da inda tagogin maƙwabtan suke kallo. Ban iya cewa komai a kan ƙafa sittin kawai.

Ɗan_Damagaram:
In ya ga tsadar duka biyun, a zo mu yi maganar tubali.